Gwanjo a Cikin Lefen Safiya

Kun sha jin ana cewa kakarku ce mace ta farko a zuriyarmu da ta ɗauki lefen ɗanta da ƙafarta ta kai gidan surukai. Ana faɗa ana dariya, wai don ban yarda da kowa ba ne, ina tsoron kada a zare turmi ɗaya a hanya. Wasu kuma suna cewa ubanku Nura ne ya faki idona ya cusa littattafan yara a cikin akwati. Duk ba haka aka yi ba. Nura ko marfin akwatin bai taɓa ba, kuma ni ban taɓa zargin 'yan'uwana da dogon hannu ba. Tunda Allah ya ara mini kwana, idona kuma yana ganin layi in na sa tabarau, bari in rubuta muku yadda abin ya faru, don kada in mutu a bar ku da labarin masu ƙarin gishiri.

A shekarar da nake ba ku labari ina nan a rumfata ta atamfa a cikin gari, inda na tsufa. Rabin cinikina na masu haɗa lefe ne. Mace za ta shigo da ƙannen miji da ƙawaye, in dube su sau ɗaya in san ko gidan da za a kai kayan masu ido ne ko masu kawaici, in ce wannan turmin a sa shi a sama, wancan a ɓoye shi a tsakiya. Kakanku Malam Garba, wanda ya yi rayuwarsa yana jan bas tsakanin Bukuru da cikin gari, ya riga ya rasu. 'Ya'yana mata duk suna ɗakunan mazajensu. Daga ni sai autana Nura a gidanmu na Anguwan Rogo, shi yana gyaran wayoyi, ni ina yi masa gorin cewa gemu ya fito amma ba labari. Ranar da ya zauna a bakin tabarmata yana sosa ƙeya, na san labari ya zo. Sunanta Safiya, malamar firamare ce, a Dutse Uku suke. Mahaifinta Malam Isa mai gyaran agogo ya rasu tun tana ƙarama, ita da mahaifiyarta suna zaune tare da yayar marigayin, wadda ake kira Gwaggo Delu.

Da na ji sunan nan sai da na ajiye tsintsiyar da ke hannuna. Duk mai sayar da atamfa a Jos ta san Gwaggo Delu. Ita ce ta taɓa mayar da lefen wata 'yar ƙaninta saboda ta juya takalmi ɗaya ta ga ƙasansa ya taɓa taka ƙasa. Ta ce gidansu ba a kawo musu abin da wani ya ci ya rage. Aka kwashe akwatuna aka mayar cikin mota, mata na kallo ta kan katanga, kuma auren nan bai ɗauru ba har yau. Ku da kuka taso yanzu kuna iya ganin abin wasa ne. A wurinmu, lefen da aka dawo da shi ya fi mari ciwo, kuma da wuya aure ya tashi bayansa.

Saboda haka na ɗaura ɗamara. Na zaɓi atamfofi da leshi da shadda da hannuna, kowanne da takalminsa da jakarsa da mayafinsa. Yayata Asabe, wadda ita ke jagorantar kai lefe a danginmu tun ina amarya, ta zo ta duba ta ce ko Delu ta sa madubin likita ba za ta sami abin cewa ba. Ana saura 'yan kwanaki a kai kaya, Nura ya sake zama a bakin tabarma yana sosa ƙeyar nan tasa.

"Mama, akwai ƙaramin akwatin nan da bai cika ba."

"Na turare ne da sabulai. Gobe zan cika shi."

"Da za ki bar mata rabinsa. Akwai wani shago da take so, can muka haɗu. Littattafan zane suke sayarwa, da kayan gem, wasan nan da ake yi a talabijin."

"Littattafan zane? Irin na yara masu mutane suna magana a cikin ƙwai?"

"Komik ake ce musu, Mama. Ki je dai ki gani. Ki ce wa mai shagon ke ce mahaifiyata."

Na ce masa ni da na aurar da 'ya'yan mutane da kayan rumfata ban taɓa jin an sa littafi a lefe ba, in ba Alƙur'ani da carbi ba. Amma auta auta ne, kuma ina son in ga wurin da ya iya sa ɗana ya buɗe baki ya yi wa mace magana. Washegari da hantsi na yafa mayafi na tari keke. Damina ce, irin yayyafin nan namu da ba ya jiƙa mutum sai dai ya shiga ƙashi.

Shagon yana saman bene, a kan wani kantin magani. Na hau ina riƙe da ƙarfe ina ambaton Allah, ina tsammanin zan tarar da ɗaki mai duhu da hayaƙin taba. Da na tura ƙofa sai na tsaya. Wallahi rumfata ce aka mayar ta takarda. Tun daga ƙasa har rufi launi ne, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, an jera su kafaɗa da kafaɗa, kowane littafi a cikin ledarsa kamar sabon turmi. A gefe ɗaya akwatunan ludo da dara da wasu wasannin da ban san sunansu ba. A can ciki kuma talabijin ne manya, samari da 'yan mata sun zauna a kan benci suna danne-danne suna ihu, wani da hula, wata da sarƙar gicciye a wuya, ba wanda ya damu da na kusa da shi daga wace unguwa ya fito. A garin nan da muka ga abin da muka gani na rikicin addini, na daɗe ban shiga ɗakin da ya haɗa yaranmu da nasu haka ba, sai na ji sanyi a raina tun kafin in yi sallama.

Mai shagon ta taso. Mace ce gajera mai faɗin fuska da tabarau a goshi, sunanta Ngozi. Iyayenta daga kudu suka zo, amma ita a nan aka yanke mata cibi, kuma Hausarta irin tamu ce ta kasuwar Jos, wadda mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta.

"Sannu da zuwa, Mama! Kin ɓata hanya ne, ko jika ya aiko ki?"

"Ni ce uwar Nura."

"Oga Nura mai waya? Ehen! Mama ango! Ku tashi ku ba Mama kujera, ku ba ku da ido ne?"

Kafin in ce wani abu an kawo kujera, an kawo lemo, an rage ƙarar talabijin. Na ce mata kayan lefe na zo saya, kuma ba ni da lokaci. Na miƙe na shiga aiki yadda na iya. Na zaro wani mai bango shuɗi saboda akwai leshi shuɗi a akwati na biyu. Na zaro mai ruwan hoda don ya hau da takalmin da na saya. Ta miƙo mini wasu guda biyu, na ga bangonsu kusan iri ɗaya, mutum ɗaya ne da riga ɗaya, na mayar mata da ɗaya na ce ba a sa zane iri ɗaya sau biyu a lefe, sai a ce mun rasa abin saye. Ngozi ta dube ni, ta dubi tarin da na yi, ta kama ciki tana dariya har tabarau ya faɗo mata kan hanci.

"Mama, wannan ba atamfa ba ne fa! Labari ne, yana bin juna. Kin ɗauki kan wannan, kin ɗauki ƙafan wancan. In Safiya ya buɗe, zai ga mutum ya mutu a nan, a na gaba kuma yana cin abinci."

Ni ma na yi dariya har na share hawaye da bakin mayafi. Rashin sani ya fi dare duhu. Na zauna ta koya mini kamar 'yar aji ɗaya: ga lamba a kusurwa, ga inda ake fara karatu, ga wanda Safiya ta riga ta karanta, ga wanda take jira. Ta san abin da yarinyar nan take so kamar yadda na san abin da matan Alhazan unguwarmu suke so. Muka yi ciniki kuma, don kada ku ce kakarku ta shiga shago ta fito ba ta taya ba. Ta ce farashinsu a rubuce yake, ba a ragi. Na ce ni ma a rumfata haka nake cewa kafin in rage. Muka ja, muka ja, ta rantse da kabarin ubanta, na rantse da furfurata, daga ƙarshe ta ɗora mini ludo a kai ta ce gyara ce, kada in sake zuwa in kashe mata kasuwa.

Ina jiran ta ɗaure kaya sai idona ya kai kan talabijin ɗaya, inda motoci ke tsere. Na ce wa yaran wannan mai jar motar bai iya shan kwana ba, mijina da tsohuwar bas ya fi shi. Ai kuwa suka yi caa, wai sai Mama ta gwada. Suka danƙa mini abin dannawar a hannu, wani abu kamar ƙahon rago mai maɓallai. Na ce bismillah na danna. Motar ta zabura ta daki bango. Na ja baya, na daki wani bangon. Da na samu hanya kuma sai na riƙa kwantar da jikina duk inda motar za ta juya, har na kusa faɗowa daga benci, ɗankwalina ya zame, ina ta yi wa sauran motocin faɗa su ba ni hanya kamar yadda Malam Garba yake yi a mahaɗar Bukuru. Ni ce ta ƙarshe, amma da na ƙetare layi ɗakin nan ya ɗauki tafi kamar na ci kofi. Tun rasuwar kakanku ban yi dariya irin ta ranar ba.

Sai da na huce na gyara ɗauri, Ngozi ta ja ni gefe. Ta buɗe wata durowa ta fito da littafi ɗaya a cikin leda biyu, ta ɗora a kan tebur a hankali. Idon mai atamfa ba ya ƙarya. Tun kafin ta zare leda na ga bangon ya koɗe, kusurwa ta lanƙwashe, an liƙe bayansa da salatif, har da zoben da kofin shayin wani ya bari. A jikin bangon an zana wata mace tsaye a cikin kwalekwale, da sanda a hannunta.

"Wannan fa?" na ce. "Gwanjo ne."

"Gwanjo ne, Mama. Sabonsa babu a duniya, sun daina bugawa tuntuni. Amma shi ne wanda Oga Nura ya ce in nemo."

Ta ba ni labarin. Kafin a yi shagon nan, mahaifin ita Ngozi yana da teburin jarida a ƙasan benen, kusa da inda Malam Isa yake gyaran agogo. Duk ƙarshen wata Malam Isa zai sayi kashi ɗaya na labarin matar nan mai kwalekwale, wadda ruwa ya raba ta da garinsu take neman hanyar komawa. Zai kai gida ya ɗora Safiya a cinya ya karanta mata, yana mayar da Turancin Hausa, yana canza murya ga kowane mutum. Saura kashi na ƙarshe ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Da aka share makoki aka waiwayi littafin, ya ƙare a kasuwa. Safiya ta girma, ta yi karatu, ta fara koyarwa, amma duk lokacin da ta hau benen nan sai ta tambaya ko an samu. Ngozi ta yi shekaru tana cigiya, sai a cikin watan nan ya faɗo daga wani kwalin tsofaffin littattafai da aka aiko mata daga Legas.

"Safiya bai sani ba tukuna," in ji ta. "Ni na san al'adanku, Mama. Na san ba a sa tsohon abu a akwatin amarya. In ba za ki iya ba, ki ba Oga Nura ya ba shi a ɓoye bayan biki."

Na juya littafin a hannuna. Sai na tuna nawa lefen. An yaba shi a Anguwan Rogo har aka yi mako ana zancensa, amma duk takalman da ke ciki sun yi mini kaɗan, domin ba wanda ya aiko ya tambayi ƙafata. Launukan kuwa na uwar mijina ne, Allah ya jiƙanta, ita ke son ruwan ƙasa. Na shiga gidan miji ina ɗingishi cikin kayan da aka saya don idon mutane. Daga baya na yi shekaru ina cika wa 'ya'yan wasu akwatuna, kuma ban taɓa haɗa wanda in an buɗe za a ce wannan na wance ne, ba na kowace amarya ba. Lefe magana ce da gidan ango suke yi wa yarinya a gaban jama'a. Na ji ina son tawa maganar ta zama cewa mun san ke wace ce, mun san ubanki, kuma ba mu jin kunyar abin da kike so. Abin da aka miƙa a ɓoye kuwa, an riga an ce abin kunya ne.

Na ce ta naɗe mini shi.

Ranar da za a rufe akwatuna Yaya Asabe ta zo da ƙannenmu. Ta ga sababbin littattafan da ludo ta taɓe baki ta ce zamani, ta wuce. Da ta kai kan na ledar nan biyu, ta ɗaga shi da yatsu biyu kamar ta tsinci mataccen ɓera.

"Ladi, mene ne wannan?"

Na faɗa mata duk abin da Ngozi ta faɗa mini.

"Allah ya jiƙan Isa," ta ce. "Amma gidan Delu za mu. Delun da ta mayar da kaya a kan ƙurar takalmi. Ke da bakinki kike gaya wa masu sayayya ko ɗankwali aka taɓa ɗaurawa kada su sa. Yau ke ce za ki sa gwanjo mai salatif?"

"Yaya, da tsohuwar zuma ake magani."

"Ki kai zumarki asibiti. Ni ba za a kwaso akwati a bayana mata suna leƙe ba. Ko ki cire shi, ko ki nemi mai kai miki."

Nura yana tsakar gida yana jin mu. Ya leƙo fuskarsa duk ta faɗa, ya ce in bari kawai, shi ya jawo, zai ba ta daga baya. Na tausaya masa, domin aurensa ne a kan faranti ba nawa ba. In Delu ta mayar da kayan nan, na rusa wa ɗana abin da ya daɗe yana ginawa, a kan takarda mai zoben shayi. Na dube shi na tambaye shi abu ɗaya, ko ya tabbata yarinyar nan za ta fi son littafin nan a kan duk abin da ke cikin akwatunan. Ya sunkuyar da kai ya ce ko sarƙar zinaren ba ta kai shi ba. Na mayar da littafin cikin ƙaramin akwati, a sama, na rufe. Yaya Asabe ta yafa mayafinta ta fita ba sallama, biyu daga cikin ƙannenmu suka bi ta.

Uwar ango ba ta kai lefe. Tana zama a gida ne ta yi kamar ba ta san ana yi ba, sai an dawo a ba ta labari. Amma waɗanda suka rage yara ne, ba wadda za ta iya haɗa ido da Delu, kuma ban ga adalcin in ƙulla abu in tura wasu su sha zafinsa ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na sa atamfata mai kyau na shiga gaban mota, unguwa tana kallona.

A Dutse Uku an shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, mata sun cika har bakin zaure. Da suka gane ni ce da kaina, sai guɗar da aka fara ta yanke a tsakiya. Gwaggo Delu tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno, doguwa, busasshiya, da carbi a hannu. Mahaifiyar Safiya tana zaune a bayanta. Amarya kuwa, kamar yadda aka saba, an ɓoye ta a ɗaki.

"Hajiya da kanki?" in ji Delu. "Dangin sun ƙare ne?"

"Suna nan, Gwaggo. Akwai abin da na sa a kayan nan da nake son in amsa shi da bakina."

Aka fara buɗewa. Kowane turmi sai ta murza shi, ta shinshina, ta duba bakinsa. Kowane takalmi sai ta juya shi. Akwati bayan akwati ba ta ce uffan ba, wanda a wurin Delu yabo ne. Ni kuwa ina ƙirga akwatunan da suka rage. Aka zo kan ƙaramin. Yarinyar da ke ɗagawa ta buɗe, ta yi turus, ta ɗago littafin nan da salatif ɗinsa yana ƙyalli. Sai wata daga can baya ta ce, ba ta ko rage murya ba, "Lallai, gwanjo a lefe."

Delu ta miƙa hannu. Na buɗe baki zan fara jawabin da na yi ta shiryawa a mota, ta ɗaga mini carbi alamar in dakata. Ta zare ledar farko, ta zare ta biyu. Ta kawo bangon kusa da idonta, ta nisanta shi, ta sake kawowa. Na ga babban yatsanta yana shafa matar nan mai sanda. Ta daɗe a haka har mata suka fara kallon juna.

"Mai kwalekwale ce," ta ce, ba da kowa take ba. Sai ta ɗago ta dube ni, muryarta ta sauya. "Hajiya, wannan na ƙarshen ne?"

"Shi ne, Gwaggo."

"Ta isa gida kuwa?"

Ashe duk daren Allah da Malam Isa yake karanta wa 'yarsa, yayarsa tana bakin murhu tana yi masa faɗan yana ɓata kuɗi a kan zanen aljanu, kunnenta kuma yana wurinsu. Ba wanda ya sani, ko mahaifiyar Safiya. Ita ma shekarun nan duka tana ɗauke da matar nan a tsakiyar ruwa.

"Ban duba ba," na ce. "Na amarya ne."

Delu ta juya wajen ɗaki ta ɗaga murya.

"Safiya! Fito."

Wata tsohuwa ta ce haba Delu, amarya a wurin buɗe lefenta, ina aka taɓa yi? Delu ta ce inda aka taɓa ganin uwar ango ta kawo. Safiya ta fito lulluɓe da mayafi tana kallon ƙasa, a ranar na fara ganinta. Gwaggonta ta ɗora mata littafin a hannu. Yarinyar nan ta dube shi, ta zauna daɓas a tsakiyar atamfofina, ta rungume shi tana kuka ba sauti. Mahaifiyarta ma ta rufe fuska. Ni da na zo da shirin faɗa sai ga ni ina neman bakin mayafi.

"Kukan ya isa," in ji Delu, alhali nata idon ya fi na kowa ja. "Karanta mana. Yadda yake yi."

Ta karanta. Tana duba Turancin tana faɗa da Hausa, tana ɗaga littafin kowa ya ga zanen, tana yin muryar tsohon masunci da ta sarkin 'yan fashi da ta matar kanta. Da ta yi wata murya mai kauri ta cikin hanci, Delu ta dafe ƙirji ta ce, "Isa ke nan, wallahi Isa ke nan." Mata sun manta da leshi, sun matso suna leƙe, masu goyo suna jijjiga yara don kada su yi kuka. Da guguwa ta kifar da kwalekwalen aka yi salati gaba ɗaya. Da matar ta hango bishiyar ƙofar gidansu kuwa, Gwaggo Delu, wadda aka ce ba a taɓa jin guɗarta a lefen kowa ba, ta kama hanci ta rangaɗa wadda sai da maƙwabta suka leƙo ta katanga. Tukwicin da suka ba mu ranar, har da kaji masu rai, da ƙyar mota ta ɗauka.

Kada ku ɗauka abin ya tafi a banza. Yaya Asabe ba ta zo bikin ba, kuma ba ta taka gidana ba sai ranar sunan babbarku. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai, domin ita ta goye ni, kuma ban taɓa yin wani taro ba tare da ita ba. A kasuwa an daɗe ana kirana uwar ango mai kai kaya, wasu masu haɗa lefe kuma suka koma wata rumfar, wai kada in ba su shawarar gwanjo. Na ji zafinsa, ban kuma yi da-na-sani ba. Yaya da ta huce ai kun san ta, ita ce wadda ba a gama ludo da ita sai an kama ta tana tura ɗan ludonta gaba da gefen zane. Shagon Ngozi kuwa na koma ba sau ɗaya ba, ni da mahaifiyarku, kuma har yau jar motar nan ba ta daina dukan bango a hannuna ba.

Littafin yana nan a ƙaramin akwatin, a saman durowar mahaifiyarku. Ku roƙe ta ta nuna muku, amma ku wanke hannu.

Ranar da aka kawo amarya, da yamma, ina ɗakina ina yin kamar ban san ana yi ba, domin na ce kunyar da ban yi a lefe ba bari in rama ta a nan. Sai aka ɗaga labule ba sallama. Gwaggo Delu ce, riƙe da hannun Safiya. Ba ta yi doguwar nasihar nan da ake yi ba, ba ta ce ga amana ba, ba ta ce a yi haƙuri da halinta ba. Ta kamo hannuna ta sa na yarinyar a ciki, ta haɗa ta matse da nata busassun yatsun.

"Hajiya," ta ce, "ga ta nan. Ta iso gida."